Amalanken Bapak a Kasuwar Asuba

Wonosari

Assalamu alaikum Mas Danar,

Ina fatan kana lafiya, kuma Jakarta ba ta gama cinye ka ba. Ibu, mahaifiyarmu, na gaishe ka, ta ce a hoton da ka turo kamar an hana ka abinci.

Hannuna na nan yadda ka bar shi. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, in manta da zane tukuna. Da hagu nake buga wannan saƙon, saboda haka ban da dariya.

Na san an aiko muku da wasan kwamfutar nan da na yi wa zane, Kasuwar Asuba, kafin a sake shi, kamar yadda kamfanonin wasa suke yi wa 'yan jarida. Don Allah in ka kai ƙarshe, inda sunayen ma'aikata ke wucewa, duba mini ko nawa na ciki. Ranar da na ajiye aiki, mai kamfanin, Pak Wisnu, ya ce, "Mbak Lintang, kin san ƙa'idar gidan nan. Wanda ya tafi kafin a saki wasa ba a sa sunansa." Na ce, "Pak, ba tafiya na yi ba, hannuna ne ya mutu a kan teburinka." Sai ya miƙo mini kwalin kek. Na riga na sa hannu cewa ba zan nuna zanen a ko'ina ba. In babu sunana, shekarun nan duka tamkar barci na yi su.

In ka shiga kasuwar, bi bayan mai kifi ka juya hagu. Na ajiye maka wani abu.

Ƙanwarka,
Lintang

Jakarta

Wa alaikumus salam Dik Lintang,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi, ki gaishe mini da Ibu ƙwarai.

Babu sunanki. Na tsaya har sunayen suka ƙare, na sake maimaitawa. Har kyanwar ofishinsu an yi wa godiya.

Na bi bayan mai kifin. Amalanken Bapak ne, mahaifinmu, na sayar da bakso, miyar nan mai dunƙulen nama, shuɗi, da jar ƙafar keken nan da ya liƙa masa bayan mota ta buge shi. Da na matsa kusa na ji ana buga kwano da cokali, irin bugun da yake kiran masu saye da shi. Na tashi na shiga banɗaki don kada abokan aiki su ga fuskata.

Jiya a taron ƙaddamarwa wani ya tambayi Pak Wisnu labarin amalanken. Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Wannan ƙuruciyata ce, mai bakso na unguwarmu." Aka yi ta tafi. Na je wa editarmu, Mbak Ratri, da maganar. Ta ce, "Danar, in ka taɓa su, wa zai sake aiko mana wasa da wuri? Ba shi maki tara cikin goma ka je ka ci abinci." Aikin jaridarmu ke nan, Dik. Su ba mu riga da wasa kyauta, mu kuma mu buga musu ganga. Na gaji da jin kunyar kaina.

Ina da hoton Bapak tsaye kusa da amalankensa. Zan jera shi da na cikin wasan a shafina, kowa ya ga wanda ya zana shi.

Yayanki,
Danar

Wonosari

Mas,

Gaisuwa, amma a tsaye nake yin ta. Kada ka wallafa hoton nan.

Kai rubutu kake yi a kan wasanni, ba ka taɓa zama inda ake dafa su ba. Wasa ba littafi ba ne da in an buga shi ya bugu. Yana hannun masu shi har abada, daga ofis za su taɓa shi ya canza a kwamfutar kowa. Yanzu da bakina zan iya zuwa neman aiki, in buɗe wasan, in nuna hoton Bapak a asirce in ce ga shaidata. Ita kaɗai ta rage mini.

Kuma ga Ibu. Tun da aka saki wasan, kullum bayan sallar la'asar sai ta ce, "Nduk, 'yata, kai ni wurin babanki." In buɗe mata, ta zauna da shayinta tana sauraren kwanon. Shekaranjiya har cewa ta yi, "Ya cika barkono kamar kullum," ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwarsa.

Na san zuciyarka na tafasa. Sha ruwa. Ka ba su makinsu tara.

Lintang

Jakarta

Dik Lintang,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa.

Na karanta wasiƙarki, na kuma wallafa. Na ga cewa in muka yi shiru haka za su ci gaba da yi wa na bayanki, kuma na yi zaton in mutane suka gani kunya za ta sa su mayar da sunanki.

Yini guda aka yi ana ta surutu. Wasu suka zagi kamfanin. Wasu suka ce ɗan jarida ne ke yi wa ƙanwarsa talla. Wani ya rubuta, "Mu dai wasa muka saya, ina ruwanmu da wanda ya zana taya?" Abokan aikina da suke rantsuwa a shagon kofi cewa sai an gyara wannan sana'a, ko ɗaya bai ɗauki labarin ba. Washegari aka sanar da wani sabon wasa daga ƙasar waje, kowa ya koma can. Mbak Ratri ta mayar da ni rubuta labarin farashin wayoyi, ta ce in gode ba ta sallame ni ba.

Kamfanin bai ce mini uffan ba. Da safen nan dai sun fitar da sanarwa cewa sun yi wa wasan 'yan ƙananan gyare-gyare. Ban iya buɗewa ba tukuna. Wataƙila sunanki suka sa. Ina roƙon Allah ya sa hakan ne.

Ki yi mini magana, ko zagi ne.

Yayanki,
Danar

Wonosari

Mas Danar,

Muna lafiya.

Da la'asar Ibu ta kawo shayinta. Na kunna, wasan ya sauke gyaran da kansa kafin in kai hannu. Na bi bayan mai kifi, na juya hagu. Tarin kwanduna ne a wurin. Na duba sunayen ma, kyanwar tana nan.

Ibu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yau bai fito ba. Ko ruwa ne ya tare shi?" Na ce mata e. Ta ce mu duba gobe.

In ka zo hutu, kai za ka gaya mata.

Lintang