Gorar da Ke Ƙarƙashin Dekin

Fatakwal

Zuwa ga Furera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni alhamdu lillahi, sai gajiya.

Damina biyu ke nan rabona da gida. Kullum ina maƙale a jikin benen wani, ina ɗaura ƙarafunan sikafol don masu fenti su hau, ruwan garin nan yana dukana, duk don ɗakin bulon nan ya tashi Inna ta bar na ƙasa mai yoyo. Na ba direban motar albasa wannan takarda ne saboda waya a gidanmu kowa kunne yake kasawa.

Hoton da 'yarmu Safiyatu ta turo mini ya hana ni sukuni. Tana tsaye a ƙofar sabon ɗakin tana dariya, ni kuwa bayanta nake kallo. Katakon sama yana nan, amma gorar da aka tokare tsakiya da ita babu. Furera, ko sati biyu ba a yi da zuba dekin rufin nan ba. Ɗanyen kankare ba ya ɗaukar kansa, gorar ce ke riƙe da shi. Na gaya wa ƙanena Khalilu kada a taɓa ko ɗaya sai wata ya cika.

Na ji ana gina shaguna a bakin titin Dawakin Tofa, gora ta yi tsada. Na kuma ji babur ɗin Khalilu ya samu sababbin tayoyi. Ban ce shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Ki leƙa ki gani, kada ki tambaye shi. Kada yaro ya shiga ɗakin nan ko da wasa.

Ki gaida Inna. Mijinki,
Zaharaddini

Zuwa ga Furera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, zazzaɓin 'yarmu Maimunat kuma ya sauka.

Amsarki ta iso. Kin ba ni labarin akuya ta haifi biyu, da farashin taki, da rasuwar da aka yi a maƙwabta, Allah ya jiƙansa. Na juya takardar ta baya ina neman maganar gora, ban gani ba. Na kira Khalilu, ina fara zancen ya ce in bari sai na zo.

Jiya Najib birkila ɗan garinmu ya iso nan neman aiki. Ban tambaye shi ba, shi ya yi mini murnar geron bana. Wai ya ga an shanya shi a saman sabon ɗakina, cikin ɗakin kuma damma ne har rufi. Abincin da ke hannuna ajiyewa na yi. An zare tokari a ƙasa, an ɗora kaya a sama.

Khalilu yana da nasa rumbun, ba zai zuba gero a ɗakina ba. To wa kuke rufa wa asiri, ke da shi? Ban san ki da ɓoye-ɓoye ba, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Ko ma wane ne, ki faɗa. Fushina zai wuce, amma in dekin nan ya sauko, ba a kaina zai sauko ba.

Mijinki,
Zaharaddini

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da iyalinka. Yaya aikin lambu a Watari?

Inna ta kira ni da kanta. Ta ce ranar da aka kwaso gero hadari ya haɗo, rumbunmu ya tsage, kai kuma kana lambu. Ta shiga sabon ɗaki ta bugi sama da taɓarya, ta ji ƙarar dutse, sai ta sa mata suka zare gorar tsakiya aka jera damma. Da rana ta fito aka hau da sauran sama. Har yanzu ba ta ga laifin hakan ba, cewa take sanduna ne suka cika ɗaki a banza. Ta ce kai ka dawo ka mayar da waɗanda aka samu, sauran an riga an yi rumfar awaki da su, kuma ka hana kowa ya gaya mini don kada in ɗaga mata murya.

Na zarge ka da sata a gaban matata. Ka yafe mini. Tayoyinka naka ne.

Amma na ji dekin ya tsage, kuma ban yarda da maganar da kuke yi cewa tsagar kamar zare take ba. Duk gidan nan rabin zance kuke ba ni. Ka sauke geron daga gefe, dami ɗaya-ɗaya, mutum ɗaya kawai a sama. Ka rushe rumfar awakin, ka mayar da gorar, kowace ka sa mata katako a ƙasa don kada ta nutse. Sannan ka kwara ruwa a sama, ka tsaya daga ƙofa ka duba. In ya ɗigo ko sau ɗaya, fasa shi za mu yi.

Inna ta rantse a ciki za ta yi Sallah. Ka sa kwaɗo, ka bar mukullin a aljihunka. In ta yi faɗa ka ce ni ne, ta tsine mini daga nesa, na ɗauka.

Zan taho ƙarshen wata. Abin da na iya tarawa shi ne kuɗin mota, da kuɗin buhun siminti bakwai, da tsofaffin tokarin ƙarfe goma sha ɗaya da na saya a wurin mai gidana na wurin aiki. Sun isa a riƙe rufin. Ba su isa a sake zuba shi ba.

Yayanka,
Zaharaddini