Mama Laraba Ta Zo Jana'iza

Asabar, da dare.

Barci ya ƙi zuwa. Taronmu na masu sanarwar coci ya watse ba mu tsai da komai ba. Fasto ya tambaya, "Wai mene ne aikinku?" Yohanna ya ce Fesbuk, Rahila ta ce sabuwar lasifika. Muna cikin musu sai ga Mama Laraba daga Obi, sanye da zanen zumuntar mata, ta zo jana'izar aminiyarta. Alhali tun jiya aka binne aminiyar. Da aka canja ranar, a Wasap kawai muka sa, Mama Laraba kuwa ba ta da waya.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "'Ya'yana, duk cikinku ba mai ƙafa?"

Ya Ubangiji, da wane baki zan karanta sanarwa gobe?