Ɗigon Rawaya a Birkin Jan Kai

Litinin, 4 ga Maris

Yau aka sallamo Yaya daga asibiti da ƙafa ɗaya, bayan hatsarin da ya yi da tirela. A bakin ƙofa ya tsaya yana kallon takalmansa. Kasa zama na yi, na fice. Manajan garejinmu ko leƙowa bai yi ba.

Laraba, 6 ga Maris

Maigadi ya fasa mini ƙwai. Kamfanin da ya ƙera tirelolinmu ya ce a mayar da su a canza bawul ɗin birkin iska, don yana ƙin kamawa a gangara. Wadda aka gyara sai su ɗiga mata fenti rawaya a bawul. Manaja ya ga kaya za su kwana, ya tura wasu, sauran ya ɗauko ragowar fentin get ya ɗiɗɗiga musu da yatsa. Cikinsu har da ta Yaya.

Ƙafar ɗan'uwana a kan fentin get! Wallahi sai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Alhamis, 14 ga Maris

Tsoro ya kama Manaja, yana ta tura na jabun gyara a ɓoye. Abin dariya, ɗigon nasa ya rikita shi, ya tsallake guda. Na shiga ƙarƙashin tirelar da muke kira Jan Kai na duba, ga zanen yatsansa raɗau a fentin. Na ja bakina na tsuke.

Asabar, 16 ga Maris

Mu direbobi mun ƙi fita. Manaja ya hau bambami: "Na fara tuƙi tun ba a yaye ku ba! Jibi ni zan ja Jan Kai da siminti, ku ga birki."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe." Ban taɓa yin addu'ar ƙarya mai daɗin wannan ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Na kai wa Yaya albishir, ina jira ya washe baki. Sai ya ce, "Ta gangaren gada zai bi?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Matan da ke sayar da lemo a ƙasan gangaren, su suka jawo ni daga mota. Har yanzu suna wurin, Auta." Ya juya mini baya.

Haushi kamar ya kashe ni. Ƙafarsa fa nake rama masa.

Litinin, 18 ga Maris

Jan Kai ba ta fita ba. An yanke mata tiyon iska, kuma in babu iska ƙafafun cijewa suke yi, ko tura ta ba a yi. Manaja ya yi ta zage-zage. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta, sai ya kira shi: "Zo ka ga wani abu." A gaban kowa ya kankare ɗigon da farce.

Manaja ya fito ya zauna a kan taya. Na so in ji daɗi fiye da haka.

Na mayar wa matar Yaya wuƙarta. Don masu lemo na yi, ba don Manaja ba. Ban yafe ba.

Da za a tashi ya tare ni, murya ƙasa-ƙasa, wai ina ne gidan Yaya. Na nuna masa kwanar da baki.