Kwamfutar Malam Ta Riƙe Wasiƙar Amarya

Assalamu alaikum Malama Sadiya. Don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin ɓacin rai ya sa in aikata abin da zan yi nadama. Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren autata Khairunnisa, ga amanar mahaifinta a wuyana na kasa saukewa, duk saboda wata kwamfuta da wani ɗa da na haifa da cikina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne. Ya yi hedimasta a Dutsi da Mashi kafin ya yi ritaya mu dawo gida Daura. Tun shekarar 2002 ya sayo kwamfutar nan, irin mai allo da ƙatuwar ƙeya da akwati a ƙasan tebur, lokacin duk layinmu babu mai ita. Da yatsu biyu yake buga ta, amma babu abin da bai zuba mata ba, daga hotunan suna har tarihin kakanninsa. Da ciwon ajali ya kama shi, shekara uku ke nan, mako guda ya yi yana lallaɓawa gabanta. Ya ce mini wasiƙa ce ya rubuta wa Khairunnisa, tana cikin folda mai sunanta, kada kowa ya buɗe sai ranar da za a kai ta ɗakinta, kuma ni zan karanta mata da bakina. Na ce na ɗauka. Wallahi ban taɓa buɗewa ba, ko da yake sau da yawa nakan kai linzamin kanta sai in janye hannuna.

Kada wani ya ce ban kula da ita ba. Ana gama sadakar arba'in na sa aka ɗauke ta daga falonsa mai tagogi, inda kowa ke shiga, aka kawo ta ƙuryar ɗakina, na matse ta tsakanin durowa da bango don kada jikoki su taɓa. Na lulluɓe akwatin da hiraminsa mai kauri, ko zan kunna ta gaban kawai nake ɗagawa in danna. Kullum da yamma sai na sa kaskon turaren wuta a ƙarƙashin teburin, irin wanda yake so, don wurin ya riƙa ƙamshinsa. Duk Juma'a bayan la'asar, in akwai wuta, nakan kunna in kalli hotunansa. Ko jariri aka yi wa wannan hidima ai an kyauta masa.

Lafiya lau muke sai wata biyu da suka wuce, da zafin nan ya kunno kai. Ɗana na biyu, Musaddiq, wanda ke aiki a Katsina, ya zo ya cusa mata filashinsa, ɗan abin nan na kwafe hotuna, wai zai ɗebi hoton Malam a sa a kalandar biki. Tun daga ranar ba ta sake lafiya ba. In na kunna sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, akwatin ya ɗau zafi, sai ɗif, ta mutu. Da farko tana yin minti goma, yanzu kafin ta gama buɗe ido ta tafi. Kuma kwanan watanta kullum sai ya koma ɗaya ga Janairun 2002, shekarar da Malam ya saye ta. Hajiya Maiturare maƙwabciyata, wadda nake sayen turaren a wurinta, ta ce wannan ba banza ba, alama ce, a yi sadaka. Na yi sadakar waina, babu abin da ya sake.

Da na tuhumi Musaddiq sai ya hau ni da magana, wai shekara uku yana roƙona a kwafe abin da ke ciki ina hanawa. To ba dole in hana ba? In an kwafe ai an gani! Ya ɗauko wani mai gyara daga bakin tasha. Mutumin nan ko durƙusawa bai yi ya dubi bayanta ba, yana tsaye yana latsa wayarsa ya ce sai an yi mata fomatin. Da na matsa ya faɗa mini ma'anarsa, wai a goge komai a fara sabo, sai na nuna masa ƙofa ko ruwa ban bari ya ƙarasa sha ba.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai, Malama, yaron nan ya dube ni ya ce wannan gwangwan ɗin ta gama yayi, in wasiƙar ta ɓata shi zai rubuta wata, ai ya san irin maganar Baba, wa zai gane? Inna lillahi! A sa wa mamaci magana a baki, ni kuma in zauna gaban marainiya in karanta mata ƙarya ina hawaye? Yau kwana tara ban amsa gaisuwarsa ba, kuma na ce in wasiƙar nan ta salwanta kada ya tako mini gida ranar bikin. Yayansa, da ba na iya kiran sunansa, yana ta ba ni haƙuri ta waya, ni kuwa haƙurin ya ƙi zama. Ki faɗa mini gaskiya, yaron nan ne ya kashe ta? Kuma akwai hanyar da maganar Malam za ta fito?

Uwar Amarya, Daura.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, ki zare wayar kwamfutar nan daga bango, kada ki sake kunna ta ko da na minti ɗaya ne. Duk mutuwar ɗif da take yi tana iya lalata abin da ke ciki, kuma shi muke son ceto.

Korar mai gyaran nan da kika yi, kin yi daidai, ni ma raina ya ɓaci. Wanda aka gaya wa akwai rubutun mamaci a ciki ya ce a goge, bai cancanci a ba shi ko rediyo ba. Maganar rubuta wata wasiƙa kuwa Musaddiq ya yi kuskure babba, ya nemi gafararki. Ina kyautata zaton tsoron kada ƙanwarsa ta tashi hannu rabbana ne ya sa shi, amma hakan bai mai da ita daidai ba.

Sai dai kin ce in faɗi gaskiya, to ki yi haƙuri da ita. Ba filashi ne ya kwantar da kwamfutar ba. Cutar da filashi kan kawo takan hargitsa fayil, amma gurnani da zafi da mutuwa nan take alamun rashin iska ne. A bayan akwatin akwai fanka da ke fitar da zafi, ke kuma kin jingina ta da bango kin rufe ta da hirami. Hayaƙin turare yana da maiƙo, shekara uku yana shiga yana liƙe datti a jikin fankar har ta kasa juyi. Bazara ta zo ta ƙarasa aikin, zuwan Musaddiq ya faɗo a kan gaɓa ne kawai. Kwanan watan kuma ba saƙo ba ne daga ko'ina. Akwai ɗan batir a ciki mai kamar maɓallin riga, shi ke riƙe lokaci, in ya mutu sai ta koma lissafin da ta zo da shi. Ladan wainarki yana nan, amma ki ce wa Hajiya Maiturare batir ne.

Wasiƙar tana cikin wani ƙarfe mai girman tafin hannu da ake kira had dis, kuma ana iya karanta shi ko kwamfutar ba ta tashi. A samo mai gyara mai natsuwa, a gaya masa tun daga waya cewa na tsohon yayi ne, ya zo da igiyar da ta dace. A gabanki zai ciro shi ya haɗa da wata kwamfutar, a kwafe komai zuwa wuri biyu, kuma foldar Khairunnisa za a fara ɗauka. Ki kwantar da hankalinki, ana kwafe folda ba tare da an buɗe ta ba, kamar yadda ake kai ambulan a manne. In ƙarfen ya fara ƙas-ƙas a tsaya nan take a nemi ƙwararre. Ba zan yi miki alkawari ba, abin da ya haura shekara ashirin yana iya ba da kunya, amma tunda kina ganin hotuna har kwanan nan, ina da kyakkyawan zato. Bayan an kwafe sai a hure cikin akwatin, a goge fankar da busasshen buroshi, ban da ruwa, a sauya batir, a mai da ita falo kusa da taga, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Kasko kuma ya tsaya a ɗakinki.

Gobe da safe ki amsa gaisuwar Musaddiq. Shekara uku yana faɗin gaskiya kan kwafewa, ke kuma kina tsare amana iya saninki, kowannenku Malam yake karewa. Shi za ki sa ya nemo mai gyaran. Ranar da za a buga wasiƙar a takarda, ke za ki danna da hannunki, ki ɗauke ta a kife, ki naɗe a cikin hiramin nan, ita takarda ba ta buƙatar shan iska. In kin zo karantawa ki sa Musaddiq ya zauna kusa da ƙanwarsa, ya ji da kunnensa abin da shi ba zai taɓa iya rubutawa ba.

Allah ya fito da maganar Malam lafiya, ya sa albarka a auren Khairunnisa, ya ba ki ƙarfin muryar karantawa har ƙarshe.

Malama Sadiya.