Dutsen Ƙofar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon ƙafar nan. Auta ta sauka lafiya, an samu namiji mai fatafatan kunnuwa irin naka.

Ka san an fara gyaran tsohuwar fadar kan tsauni, wadda sarakunan dauri suka gina don hango abokan gaba. Tun da gobarar yaƙi ta cinye rufinta kowa ya riƙa sauko da duwatsunta yana gini, har da kakanmu. Yanzu magina suna mayar da kowane dutse mazauninsa, kuma maigidana na cikinsu. Kwanaki ya jawo shugabansu gida shan ruwa. Mutumin nan ya ɗaga kai zai kurɓa, sai idonsa ya faɗa kan dogon dutsen nan mai zanen zaki da ke saman ƙofar ɗakin Inna. Ashe shi ne na babbar ƙofar fada da suke ta nema. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa.

Sun zo da ladabi, suka ce za su sa ƙarfe a madadinsa, bango ba zai ko motsa ba. Inna ta ce ta ƙarƙashin dutsen nan aka shigo da ita amarya, ta nan aka fita da gawar Baba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, nan take wuni. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa: a can ana cewa surukarsa ta tsayar da aiki, a gida Inna ta daina amsa gaisuwarsa. Ga damina ta ƙarato, ƙofar fadar kuma itace ne kawai ya tokare ta.

Jiya shugaban ya dawo. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce su ɗan yi haƙuri, ai ba za ta daɗe ba, ranar da aka fita da ita ta nan su ɗauki abinsu. Yau da safe ta soma rabar da zannuwanta, abinci kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Yaya, tsoro nake ji. Maganarka kaɗai take ji. Ka ajiye duk abin da kake yi ka taho, tun kafin ta cika musu alkawari.

Ka gaida min Anti da ’yan biyu. Goggo da Auta suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Ta-Tsakiya