Carbin Baba da Fankar Motarsa

Daga admin: wata 'yar'uwa ce ta turo, ta roƙi a ɓoye sunanta. A tausasa harshe wajen ba ta amsa.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin ya fi ƙarfin kaina, kuma a garinmu babu wanda zan faɗa wa maganar ba ta riga ni isa gida ba. Ni da kowa ya sani da baki, ba na iya kwana da magana a cikina, yau ga ni ina yawo da ita kamar na haɗiyi dutse.

Ni matar aure ce a wani ƙauye na ƙasar Bagwai, gidan iyayena yana can wajen Watari, tafiyar ƙafa ce tsakaninmu. Babanmu Allah ya yi masa rasuwa da kakar da ta wuce. Bayan 'yar gona, abin da ya bar mana shi ne tsohuwar motarsa a-kori-kura, wadda yake ɗaukar wa masu noman rani tumatir da albasa zuwa kasuwa da ita. Tun da taki ya gagari talaka gonar ta daina riƙe gidan, motar nan ce tuwon Innarmu da ƙannena, duk da fetur ɗin ma yanzu sai a hankali. Baba ba ya ba kowa tuƙinta, ko wansa na ciki ɗaya. Kuma yana da wata al'ada da duk muka tashi muka gani, in ya shiga zai yi bismillah, ya tayar da inji, sai ya kai hannu ƙarƙashin sitiyari ya ciro carbinsa mai koren tuntu, ya ɗan ja, ya mayar. In ya kashe mota ma haka. Mu dai mun ɗauka zikiri ne kawai.

Bayan sadakar arba'in Yayanmu, babban ɗa, ya karɓi motar. Direba ne shi ma, ya daɗe yana tuƙa na mutane, mutum ne mai sanyi wanda ko tsawa ba ya iya yi wa 'ya'yansa. Lokacin sanyi ne, da asuba yake fita, titi a buɗe, motar ba ta taɓa nuna masa komai ba. Sai da zafi ya shigo, wata rana aka tsayar da shi a bakin fadama ana jiran a gama cika kwanduna, shi kuma bai kashe inji ba saboda batirin ya yi sanyi, in an kashe sai an tura. Allurar da ke nuna zafin inji kuwa ta mutu tun Baba na da rai. Bai ankara ba sai tururi ya turnuƙe gaban motar, injin ya yi wata ƙara ya tsaya. Bakanike ya zo ya ce zafi ya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin injin da kansa, kan injin ya lanƙwashe, gyaran ba na yanzu ba ne. Tumatirin mutane a nan ya narke a rana.

Abin da ya biyo baya shi ne ciwon. Baffanmu, wan Baba, wanda dama tun farko ya so a ba ɗansa motar, ya shiga gari yana cewa sakaci ne, wai Yaya bai zuba ruwa a lagireto ba, wai yana can yana danna waya. Yaya ya rantse ya cika ruwa da hannunsa da safen, babu wanda ya saurare shi. Inna tana cikin takaba, ga hawan jini, da aka kai mata labarin yadda Baffa ya tsara shi sai ta kira Yaya gaban ƙannensa, ta ce ubansa ya yi shekara da shekaru yana lallaɓa motar nan ba ta taɓa kunyata shi ba, shi ko damina bai kai da ita ba ya kashe ta, ta ce kamar an sake fitar mata da gawar Baba ne, kuma kada ya ƙara zuwa gaishe ta. Yaya ya tashi, takalmansa ma a hannu ya fita da su. Ya bar matarsa da yara ya tafi Kano yana dako a kasuwa. Na so in tsaya masa, to da wace hujja, ni ban san lagireto ba ban san fanka ba.

Motar tana nan fake cikin shinge a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Kwanan nan Baffa ya fara maganar a sayar wa masu gwangwan a raba gado. Maigidana, Allah ya saka masa, ya ce kafin nan bari ya kawo wani abokinsa mai gyaran wayarin mota ya duba, don shi bai gamsu ba, an ce zafi ne amma babu wanda ya tambayi me ya kawo zafin. Ina gidan ranar, ni na kai musu ruwan da aka zuba a lagireton. Mutumin ya jira, ya leƙa ƙasa, babu yoyo ko ɗigo. Ya duba fiyus, lafiya lau. Sai ya ɗauko waya ya haɗa fankar da ke sanyaya injin kai tsaye da batirin da ya zo da shi, nan take ta kama juyawa. Ya ce to fanka ba ta mutu ba, wuta ce ba ta zuwa mata. Ya nuna wa maigidana wani ɗan ƙarfe a jikin inji, ya ce shi ne yake jin zafi ya kunna fanka da kansa, kuma wannan ya daɗe da lalacewa, an zagaye shi da wata waya daban, irin dabarar da mutane ke yi yanzu da kayan gyara suka yi tsada. Ya ce a guje iska na sanyaya inji ko babu fanka, a tsaye ne asiri ke tonuwa. Ya bi wayar nan da yatsa har ƙarƙashin sitiyari, sai ga ɗan makunni a ɓoye. Ashe a jikinsa Baba ke rataye carbi, duk sanda ya kai hannu fanka yake kunnawa ko kashewa.

Sannan ya ce ko da Yaya ya san da makunnin babu amfanin da zai yi masa, domin waya ɗaya ta fita, kuma ba ruɓewa ta yi ba, fizge ta aka yi. Ya zaro wani koren zare da ya naɗe a bakin wayar ya yar a ƙasa. Jama'a, ina ganinsa na gane zaren tuntun carbin Baba ne. Ranar sadakar uku, da safe kafin mata su cika gida, Inna ta ce in raka ta wajen motar tana son carbin Baba. Ni na riƙe mata ƙofa. Ta ja, ya maƙale, idonta cike da hawaye ba ta gani, sai ta fizga da ƙarfi. Na ji wani ɗan ƙas, na ɗauka zaren ne kawai. Daga ni sai ita a wajen. Da carbin nan ta yi takabarta, har yau ba ya barin hannunta, kuma ina jinta tana ja tana roƙon Allah ya shirya mata ɗanta.

Na tsince zaren na ƙulle a bakin zanina, ko maigidana ban faɗa wa ba. Na yi tunanin in ce wayar ce ta fita da kanta, amma na san Baffa, cewa zai yi gwiwar Yaya ce ta ture ta, a koma gidan jiya. In na ce Baba ne ya yi haɗin da bai faɗa wa kowa ba, Inna ba za ta yarda a taɓa mamaci ba, ni ma bakina ba zai iya ba, mutumin da ya yi haka don kada mu kwana da yunwa. Abu ɗaya ne zai wanke Yaya tas, shi ne a ce hannun Inna ne. To matar da likita ya ce a kiyaye mata ɓacin rai, in je in ce mata ke kika kashe motar, kuma kika kori ɗanki a kan abin da bai yi ba? Ina tsoron in ta faɗi ba za ta tashi ba.

Shi kuma Yaya duk sanda ya kira ni maganarsa ɗaya ce, Inna ta tambaye ni? Sai in kawo zancen yara. Shekaranjiya ya ce ya gaji, wasu abokan dakonsa za su wuce kudu bayan sallar Juma'a, zai bi su, tunda uwarsa ba ta son ganin fuskarsa gara ya yi nisa. Na san shi, in ya tafi da wannan a ransa ba zai dawo ba. Na san kuma in shi na fara faɗa wa, cewa zai yi in rufe bakina, ya gwammace ya mutu da laifin.

Jiya na je gaishe da Inna, tana zaune a tabarma tana juya carbin, sai ta miƙo min shi ta ce in duba mata, tuntun nan kamar ya ragu ba haka Malam ya bar shi ba, ko na san inda sauran ya yi? Sauran yana ƙulle a zanin da ke jikina. Na ce zan duba, na fito ina kuka har gida.

Don girman Allah, iyaye mata da malaman da ke cikin nan, ku faɗa min gaskiya. In kwance zanin nan in nuna mata, ko in bar yayana ya hau mota ranar Juma'a?