Muryar Baba a Faifan Ordinata

Litinin, 11 ga Maris 2019

Baba, ka gafarta mini. Kayenka ne, littafin rubutun nan naka na shirya darasi, na tarar da rabinsa fari, na kasa haƙura. Na san ba ka son a taɓa maka takardu. Kaɗan zan rubuta.

Ordinatar da ka bari, kwamfutar nan taka, ta gaji. Bidiyon ranar sunan autarka Cima, shi kaɗai muke da shi mai muryarka, yanzu tsinkewa yake yi. Kana cewa "Ci-ci-ci", ka tsaya baki buɗe, sannan "ma". Cima ba ta tuna ka, nan kaɗai ta san ka. Yau na ji tana gaya wa ɗiyar maƙwabta wai babanta mai in'ina ne, har tana gwada mata. Inna ta ajiye tankaɗe ta shige ɗaki.

Laraba, 13 ga Maris

Sai yau na iya yi wa Mushe Halidu magana, malaminmu na ordinata. Jiya na je har ƙofar aji na juyo. Na yi magana ƙasa-ƙasa, sai da ya ce, "Ɗaga murya, Fiddausiya, ba cizo nikai ba."

Ya ce mai yiwuwa bidiyon lafiya lau yake, warwatse kawai ya yi cikin babban faifan da ke ciki, guntu nan guntu can, na'urar tana wahalar tattaro shi. Ya ara mini faifan sede. A sa shi kafin a kunna, ordinata ta tashi daga kansa, sannan a umurce ta ta jera guntayen. Na tambayi dalili. Ya ce ba ka iya share ƙarƙashin tabarma kana zaune bisanta.

Alhamis, 14 ga Maris

Ordinatar ta tashi daga seden. Allon cike da ƴan murabba'ai, ja ya fi shuɗi yawa. Sai ta ƙi farawa. Wai ba wuri. Faifan cike yake maƙil, ba inda za ta ajiye guntu kafin ta ɗauko wani.

Sai an share wani abu. Duk naka ne.

Juma'a, 15 ga Maris

Ban share komai ba. Kaina ke ciwo.

Asabar, 16 ga Maris

Na yini ina buɗe su. Jarabawoyin ɗalibanka na lakwal ɗin Deule, darussan lissafi, hotunan allo, wa'azi, fina-finan ƙwallo. Har kuskuren da ka yi a wata jimla na gani, na rasa yadda zan share shi.

Da la'asar Inna ta leƙo da buta a hannu. Tun rasuwarka ba ta tsaya kusa da teburin nan ba.

"Mi kike jira?"

Na yi mata bayani, a cuɗe. Ta daɗe tana kallon allon.

"Share takardun. Ni ba takarda na aura ba." Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Ƙwallon ma. Ya isa abin da ya ci mini na hira."

Na share.

Lahadi, 17 ga Maris

Tun safe ordinatar take jera guntayen. Ja na komawa shuɗi a hankali, kamar mai tsince tsakuwa cikin wake. Na zauna ina yi mata fifita da faifan tankaɗen Inna, tana huci kamar jakin da ya hau dutse. Ta wuce rabi, kuran lantarki ya ɗauke.

Na ɗauka komai ya tafi. Na zauna ƙasa, ko kuka na kasa. Da ya dawo ta tashi lafiya, na sake sa ta. Ga aikin Faransanci ban taɓa ba, gobe Madam za ta tsayar da ni.

Talata, 19 ga Maris

Ta gama jiya. Shuɗi kusan duka. Na cire seden, na kira Inna da Cima.

Baba, ba ka tsinke ba ko sau ɗaya. Ka ɗaga jaririya ka ce, "Cima ta zo, a ƙara hura!" ka yi dariyar nan taka har ƙarshe. Na manta tana da ƙarshe. Inna ta rufe baki da gefen zane.

Cima ta kalla, ta ɓata fuska.

"Wanga ba Baba ba ne. Ki maido mini nawa."

Na ce shi ne. Ta ce ƙarya nike, na ɓata shi, ta yi ta birgima. Ba a iya maido shi. Na duba.

Alhamis, 21 ga Maris

Na mai da wa Mushe sedensa. Ya tambaya ko ya yi, na ce ya yi.

Cima ta ƙi kallon bidiyon. Da yamma ta zo ta zauna bisa ƙafata ina wanke kwanoni, ta ce in Baba ba ya in'ina, to ƙaƙa yake kiran ta? Na gwada mata, a hankali. Ta ce da ƙarfi. Na ƙara. Sai ga ni tsakar gida ina kwaikwayon yadda kake faɗa da jakin Kawu Jima, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Inna ta ce ba haka ba ne, ta gyara mini, da hannu a ƙugu. Ban san ta iya ba.

Yau ban kunna ordinatar ba. Mantawa na yi, ina jin.

Akwai sauran shafuka a kayen nan, Baba. In ka yarda, gobe zan ƙara cin ɗaya.